Ranin da Na Ciyar da Damon Baba

Ni mai sayar da abinci ce, kuma 'yar mai sayar da abinci. Uwata ta yi tuwo a bakin tashar Birnin Gwari har kanta ya yi fari, ni kuma na gaji tukwanen da rumfar, na haɗa har da kaifin bakinta. Abu ɗaya na tashi da shi a raina: in mutum ya ce ya ƙoshi, ba ƙoshi ya yi ba, kunya ce, ƙara masa ake yi. Direbobin da ke ci a wurina sun san halina. In ka bar loma a kwano sai na tsare ka na ji laifin da miyata ta yi maka. Na faɗi wannan tun da wuri ne don a san irin matar da aka bar wa amanar damo.

Damon na surukina ne, mahaifin maigidana. Baba manomi ne a wani ƙauye da ke bakin dajin Kamuku, can aka haife shi, can ya binne matarsa. Shekarar da zama ya gagara a ƙauyukan wajen, 'yan bindiga suka hana mutane gona, sai maigida ya samo mota ya je ya ɗauko shi. Farkon damina ne, an yi ruwa biyu ko uku. Na fito taya sauke kaya na ga buhun masara, da tabarma, da buta, da fartanya biyu, sai wani buhu da Baba ya rungume a cinya bai yarda kowa ya taɓa ba. Buhun yana motsi.

Na matsa kusa da maigida na ce, "Kaza ce?"

Ya ce, "Damo ne."

Na ce, "To madalla, yau akwai farfesu."

Ya zaro ido, ya ce in rufa masa asiri kada Baba ya ji.

Daga baya maigida ya ba ni labarin. Wata shekara da aka sa wa daji wuta Baba ya tsinci damon yana ƙarami a bakin gona, ƙarshen jelarsa ya ƙone. Ya kawo shi gida, ya yi jinyarsa, shi kuma ya samu wuri a ƙarƙashin rumbu ya yi zamansa. Marigayiya surukata ɗan auta take ce masa. Baba kuwa bai sa masa suna ba, "mutumin nan" kawai yake cewa. Rumbun ya tafi, gonar ta tafi, ƙauyen ma yanzu ba kowa. Abin da ya rage wa Baba mai numfashi daga wancan gida shi ne wannan dabba mai guntuwar jela.

A bayan ɗakinsa ya jera bulo, ya zuba jar ƙasa, ya kifa wata fasasshiyar randa tawa, ya ajiye kasko na ruwa. Kafin sati damon ya haƙa rami a ƙarƙashin randar. Duk wannan aiki da laluben hannu Baba ya yi shi, don yanar ido ta rufe masa idanu biyu, inuwar mutum kawai yake gani. Da safe bayan ruwan sama zai bi gindin katanga yana lalubo dodon koɗi da ƙadandoniya da gyare, ya kai masa, ya zauna a kan kujera 'yar tsuguno yana shafa bayansa, yana yi masa magana da Gbagyi, harshen uwarsa, wanda ba ya yi da kowa a gidan. Ni dai daga nesa nake kallo. Abin da na riƙe shi ne dabbar nan akwai ci. Ƙwai yakan haɗiye shi guda, ya zaro wannan harshe nasa mai reshe biyu yana neman ƙari. Don haka ma na fara jin ya kwanta mini, ni da mai ci ba ma faɗa.

Tsakanina da Baba kuwa akwai kunya irin ta surukuta, kuma mun riƙe ta da kyau. Shekara goma sha huɗu da aurena amma Amarya yake kira na. Ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba, ban taɓa cin abinci a gabansa ba. In durƙusa daga bakin ƙofa in gaishe shi, ya amsa, ya sa mini albarka, in tashi. Duk maganar da ta wuce gaisuwa ta bakin maigida take bi. Ni da nake iya tsayar da direban tirela in wanke shi tas a kan ragowar tuwo, a gaban wannan tsoho murya ma ba ni da ita. Kuma ina alfahari da hakan, ana yabona da shi a dangi.

Bayan kaka aka ce za a yi masa aikin ido a Kaduna, ɗaya bayan ɗaya, sai na farko ya warke a taɓa na biyu. Hanyar nan ba ta je-ka-ka-dawo ba ce a lokacin, don haka aka shirya zai zauna a gidan 'yarsa har a gama. Maigida bakanike ne, ya ce zai zauna tare da shi ya riƙa taɓa aiki a garejin wani abokinsa. Ranar tafiya Baba ya tsaya a tsakar gida, ya juya fuskarsa gefe kamar da katanga yake magana, ya ce, "Amarya."

Na durƙusa na ce, "Na'am, Baba."

Ya ce, "Ga amanar mutumin nan. Ba shi da wahala. Ruwa kawai za a riƙa canza masa a kasko. In ya shiga ɗakinsa a bar shi."

Na ce, "To, Baba."

Ya ɗan yi dariya ya ce, "Shekara huɗu ban ga fuskarsa ba. In Allah ya sa na dawo da ido, shi zan fara dubawa in ga ko ya tsufa kamar ni."

Maganar mafi tsawo ke nan da ya taɓa yi mini, kuma duk abin da nake buƙata yana cikinta. Amma ni da kunnen mai abinci na saurare ta. "Ba shi da wahala, ruwa kawai," a wurina daidai yake da baƙo ya ce ya ƙoshi. Na ce a raina dattijo ne, ba ya so ya ɗora mini nauyi, ni kuwa zan nuna masa. Zai dawo ya tarar da damonsa ya yi ƙiba har ya kasa shiga rami.

Kwanakin farko ya karɓi ƙwai ɗaya, shi ma da ƙyar. Daga nan ya fara yi mini biris. In ajiye masa hanta ya kau da kai. Wata safiya na zo ban gan shi ba, ya shige rami. Na ajiye ƙwai a bakin ramin, da yamma na dawo daga tasha na tarar da shi yadda na bar shi. Na sa kan kifi, tururuwa ta cinye. Na sa 'yan hanjin kaza, ƙuda suka taru. Na soya fara da kaina na kai masa, ko leƙowa bai yi ba. Sati biyu, sati uku. Tun ina zaginsa a raina ina cewa ɗan ƙauye ne bai san daɗi ba, har hankalina ya tashi da gaske. Sai in tsuguna in haska ramin da tocilan, in hango shi can ciki ya naɗe, idonsa a rufe, sai gefen cikinsa da ke ɗagawa a hankali.

Ranar da aka cire wa Baba bandejin ido na farko maigida ya kira ni, ya ce ga Baba in yi masa barka. Ina riƙe da waya amma sai da na durƙusa a tsakar gida. Muka gaisa. Muryarsa cike da murna, ya ce ya ga fankar silin tana juyawa, ya ƙirga fukafukanta uku. Sai ya ce, "Mutumin nan fa?"

A nan ne ya kamata in ce, "Baba, ya shige rami, ya ƙi cin komai, me ake yi?" Magana ce da ba ta kai loma ɗaya ba. Amma yaya zan faɗa wa surukina, yana kwance da ido a ɗinke, cewa an bar mini abu ɗaya tak kuma ya gagare ni? Ni da ake cewa ko dutse na girka sai an sha romonsa?

Na ce, "Lafiya lau, Baba. Yana ci sosai."

Ya yi shiru. Na ɗauka waya ce ta yanke.

Ya ce, "Yana ci?"

Na ce, "Yana ci, Baba. Jiya ma ƙwai biyu ya haɗiye."

Ya ce, "To. Madalla. Allah ya yi miki albarka." Maigida ya karɓi wayar, na ji suna magana ƙasa-ƙasa, sai ya ce mini, "Baba ya ce kada ki wahalar da kanki." Na ɗauke ta a matsayin godiya.

Ƙaryar nan ta tsaya mini a wuya. Ni ba maƙaryaciya ba ce, kuma wanda na yi wa ita mutum ne da ko tari ba na yi a gabansa. Sai na ga hanya ɗaya ce ta wanke kaina: in sa maganar ta zama gaskiya. Na ce ya ci ƙwai biyu, to sai ya ci ƙwai biyu.

Washegari ban fita tasha da wuri ba. Na ɗauko fartanyar Baba, na ɗage randar, na tone ramin. Na same shi jikinsa sanyi ƙalau, ya yi laushi. Ya buɗe ido ya yi ɗan huci, bai ko ɗaga jela ya zane ni ba, alhali da damina na ga yadda ya yi wa wani karen maƙwabta. Ba banza ake ce masa sarkin haƙuri ba. Na kwantar da shi a rana, na kawo ƙwai, ya rufe ido. Na kira maƙwabciyata, wata mai kitso da muke shiri, ta naɗe shi da buhu ta danne. Na sa bayan cokali na ɓanɓare bakinsa. Na kaɗa ɗanyen ƙwai na zuƙa a sirinji na ɗura masa. Rabi ya zube, rabi ya wuce. Na ce, "Ka ga ni ko? A gidan nan ba a kwana da yunwa."

Da yamma na dawo na tarar ya soma haƙa wani ramin. Sai na kwashe jar ƙasar duka, na cike ramin da duwatsu, na bar shi a kan tsandaurin ƙasa da randa kawai. A ganina ramin ne ke hana shi ci. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai har yau, fiye da sirinjin. Ina ganinsa yana karta ƙasa mai tauri da farce, ya karta ya huta, ya karta ya huta, ni kuma ina tsaye da kwano ina jiran ya gaji.

Shawara kuwa na sha ta, sai dai duk a wurin waɗanda ba su fi ni sani ba. Mai kitso ta ce tsutsar ciki ce. Wani mai sayar da maganin dabbobi a kasuwa ya ba ni na tumaki ya ce in rage. Wani direba ya ce kewar maigidansa yake yi, wani ya ce in yanka kawai kafin ya rame a yi asarar nama. Kowa na tambaya sai mutum ɗaya da ya sani. Kusan sati uku ina yi masa ɗura, kwana biyu-biyu, wani lokaci ƙwai, wani lokaci romo. Ya fara amayar da abin da na ba shi, da wari. Cikinsa ya kumbura. Sai kumfa ta soma fitowa daga hancinsa, numfashinsa yana ƙara kamar ana busa ruwa da tsinke.

Akwai wata dattijuwa da ke kawo mini itace, ita ma daga ƙauyukan daji ta dawo gari. Ranan ta sauke itacenta a tsakar gida, ta ji ina mita, ta ce in nuna mata. Ta leƙa cikin bulon, ta dubi duwatsun, ta dubi sirinjin da ke hannuna, ta riƙe haɓa.

Ta ce, "'Yar nan, me kike ba shi?"

Na ce, "Ƙwai, Inna. Ya ƙi ci tun bayan kaka."

Ta ce, "To da me zai ci? Damo ai ba ya ci da rani. In ciyawa ta bushe shiga rami yake ya kwanta, kitsen jikinsa ke riƙe shi har ruwa ya sauka. Ko kin ga dodon koɗi a wannan wata? Cikinsa a rufe yake yanzu, abin da kika zuba ruɓewa zai yi. Wannan ko yaron goye ya san shi a wurinmu."

Na ce, "Amma ba a faɗa mini ba."

Ta ce, "Mai shi bai ce ki bar shi ba?"

Na zauna a kan itacen da ta kawo. Ai kuwa ya faɗa. Da bakinsa ya faɗa, a tsakar gidan nan, ina durƙushe ina cewa to.

A ranar na kwashe duwatsun da hannuna har farcena ya karye, na dawo da jar ƙasar, na haƙa masa ramin da kaina na ajiye shi a baki. Bai shiga ba. Ba shi da ƙarfin shiga. Kwana uku yana kwance a wurin, kansa a kan ƙasa, ina zuwa ina tsugunawa ina ba shi haƙuri kamar mutum. A rana ta huɗu da hantsi na taɓa shi na ji ya sandare. Na binne shi a cikin ramin nasa, na kifa randar a kai. Na yi kuka, kuma ba na jin kunyar faɗi. Wani ɓangaren na tausayinsa ne, mafi yawa na tsoron ranar da Baba zai dawo.

Na kira maigida na gaya masa komai. Ya yi salati, ya ce kada in kuskura Baba ya ji, saura kwana shida a yi ido na biyu. Can ya ce ko a sa mafarauta su samo wani a saka a wurin. Na ce, "Baban yara, mutumin da aka gyara wa ido za mu kawo wa damo mai cikakkiyar jela?" Ya ce haka ne kuma. Daga nan duk kiran da aka yi in Baba ya karɓi waya sai in gaishe shi a gurguje. Bai sake tambayata mutumin nan ba, ni kuma ban tsaya na yi tunanin dalili ba.

Sun dawo ana saura kaɗan ruwa ya sauka, hadari ya fara haɗuwa a gabas yana watsewa. Baba ya sauko daga mota da baƙin tabarau, ba sanda, ba mai jan hannu. Ya tsaya yana kallon gidan, ya dubi jikokinsa ɗaya-ɗaya yana faɗin wanda ya yi kama da wa. Maigida ya kasa gaya masa a hanya, na gane daga yadda yake sosa ƙeya. Baba ko zama bai yi ba ya nufi bayan ɗakinsa. Na bi shi a baya, na durƙusa nesa kaɗan.

Ya cire tabarau ya leƙa. Ya ce, "Bai fito ba tukuna. Sai an yi ruwa mai ƙarfi." Da murmushi ya faɗa. Sannan ya dubi ƙasar da kyau, sabon idon ya nuna masa cewa an tone ta an mayar, kuma ramin ba shi da baki.

Na ce, "Baba, ya mutu. Ni na kashe shi." Na faɗa masa duka, da fartanyar, da duwatsun, da sirinjin. Ban taɓa yin doguwar magana haka a gabansa ba. Ya saurara bai katse ni ba, idonsa a kan randar.

Da na gama ya zauna a kan kujerarsa 'yar tsuguno. Sannan ya ce, "Ranar da kika ce yana ci, na san ba ya ci. Na ce a raina yarinyar nan so take ta kwantar mini da hankali. In na ce damo ba ya ci a watan nan, na ƙaryata ki ke nan a gaban mijinki. Sai na ce bari in ƙyale ta, shi yana barcinsa, ita ta tsira da mutuncinta, ba wanda ya cutu." Ya goge idon da gefen rawani a hankali, yadda likita ya koya masa. Ya ce, "Ban san za ki je ki cika maganar ba, Amarya. Laifin namu ne mu biyu. Tashi, ƙasa da zafi."

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Na tashi na shiga kicin, don ban san wani wurin da zan kai kaina ba. Tun safe na ɗora masa tuwon dawa da miyar kuka da man shanu, irin wanda yake so, na dawowar lafiya. Da la'asar ta yi sanyi na kai masa. Yana nan a bayan ɗaki, a kan kujerarsa 'yar tsuguno, ya wanke kaskon ya kifa shi a kan bulo. Na ajiye kwanon, na buɗe, na ja baya na durƙusa.

Ya dubi tuwon, sannan ya dube ni, karo na farko da ya ga fuskata sosai tun da ya zo gidan. Ya ce, "Na ƙoshi, Amarya."

Bakina ya buɗe da kansa, maganar da na saba faɗa wa kowa ta zo har kan harshena. Na haɗiye ta. Na rufe kwanon, na ɗauka, na koma da shi kicin.